Tsakanin Mai Kuɗi Da Mai Kallo: Rikicin Da Ke Yamutsa Fina-finan Jaruman Littattafan Zane

A watan Yulin 2019 dubban mutane suka yi dafifi a birnin San Diego na ƙasar Amurka domin taron shekara-shekara na masoya littattafan zane, wanda ake kira Comic-Con. Wasu sun yi shigar Batman, wasu sun yafa jan mayafin Superman. Ana cikin wannan hada-hada sai ga wani ƙaramin jirgin sama yana shawagi a saman taron, yana jan dogon ƙyalle a bayansa. Saƙon da ke jiki na kamfanin Warner Bros. ne, ana kiransa da ya saki fim ɗin *Justice League* kamar yadda darakta Zack Snyder ya yi shi.

'Yan kallo ne suka yi karo-karo suka ɗauki hayar jirgin. Bayan wata uku suka sake haɗa kuɗi suka sayi allon talla a dandalin Times Square da ke New York. A farkon 2020 saƙon nasu ya bayyana har a gefen fili, ana tsaka da wani wasan kofin FA a Ingila.

Abin da suke nema shi ne wani fim da ba su taɓa gani ba, wanda masana harkar da dama ke cewa babu shi a kammale. Ƙasa da shekara biyu bayan tashin wancan jirgi, kamfanin ya sakar musu shi. Labarin yadda aka kai ga haka ya fito da wata tsohuwar tambaya fili: idan aka ɗauko jarumi daga littafi aka kai shi majigi, wa ke da ta cewa a kansa? Mai kuɗin da ya zuba jari, ko daraktan da ya yi aikin, ko mai kallon da ya tashi da son jarumin tun yana yaro?

Jaruman da suka girmi masu kallonsu

Littattafan zane su ne waɗanda ake ba da labari a cikinsu da hotuna a jere, maganar kowane ɗan wasa tana rubuce kusa da bakinsa. A cikin irinsu Superman ya fara fitowa a 1938, daga hannun wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da haƙƙin mallakarsa kan dala 130 kacal. Batman ya biyo baya a 1939. Su biyun na kamfanin DC ne, wanda ke ƙarƙashin Warner. Kishiyarsa, Marvel, ya yi tashe a shekarun 1960 da jarumai irin su Spider-Man da X-Men, kafin Disney ya saye shi a 2009 kan kimanin dala biliyan huɗu.

Tun fil azal mawallafan nan sun saba wa masu karatunsu da sa baki. Akan ware shafi a ƙarshen kowace fitowa domin wasiƙun masu karatu, a buga yabo da suka, edita ya ba da amsa. A 1988 DC ya wuce nan: ya ba da lambobin waya biyu, ya ce jama'a su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman, ko a bar shi da rai. An kaɗa ƙuri'a sama da dubu goma, masu son a kashe shi suka yi rinjaye da ƙuri'a 72, aka kuma kashe shi.

Wanda aka taɓa ba shi irin wannan iko ba ya ƙara ɗaukar kansa ɗan kallo kawai. Yana ganin yana da gado a cikin labarin. Daga nan rikicin ya samo tushe.

Ba yau aka fara ba

Fim ɗin *Superman* na 1978 ya samu gagarumar karɓuwa. Daraktansa, Richard Donner, ya riga ya ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na kashi na biyu lokacin da saɓani ya shiga tsakaninsa da furodusoshin kan kuɗi da lokaci. Suka sallame shi, suka ɗauko Richard Lester ya sake ɗaukar wurare da dama. Sai a 2006, bayan shekaru masoya suna naci, aka haɗa aikin Donner aka fitar da shi a faifai.

A 1988 kuma da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka fi sani da barkwanci, shi zai fito a Batman, an ruwaito cewa wasiƙun ƙorafi kusan dubu hamsin suka kwarara ofishin Warner. Intanet bai yaɗu ba a lokacin, da biro da takarda aka yi boren. Fim ɗin ya fito a 1989, ya tara sama da dala miliyan 400, kuma har gobe akwai masu cewa ba a yi Batman kamar Keaton ba.

Waɗannan misalai biyu sun nuna fuskokin matsalar tun da wuri. A na farko kamfani ne ya yi wa mai aiki katsalandan. A na biyu masoya ne suka yanke hukunci tun ba su ga komai ba.

Yadda aka yi wa Justice League ɗinkin tela biyu

Zack Snyder ne Warner ya damƙa wa amanar gina duniyar jaruman DC, domin ya yi gogayya da Marvel wanda fim ɗinsa *The Avengers* na 2012 ya tara kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Snyder ya fara da *Man of Steel* a 2013, ya biyo da *Batman v Superman* a watan Maris na 2016. Na biyun ya tara kimanin dala miliyan 870, amma masu sharhi sun yi masa rubdugu, suna cewa ya cika duhu da ƙunci. A mako na biyu cinikinsa ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku.

Hankalin shugabannin kamfanin ya tashi, ga shi kuma 'yan makonni suka rage a fara ɗaukar *Justice League*. Maimakon a dakata a sake shawara, sai aka shiga aiki ana gyara a kan hanya. Aka ajiye wakilan kamfani a wurin ɗauka suna sa ido, ana ta neman a ƙara raha a rage nauyi. Daga baya aka gayyato Joss Whedon, wanda ya ba da umarnin *The Avengers*, domin ya rubuta ƙarin fitowa.

A watan Maris na 2017 Allah ya jarabci Snyder da rashin 'yarsa, wadda ta hallaka kanta. Ya yi ƙoƙarin ci gaba da aiki, amma a watan Mayu ya ajiye ya koma ga iyalinsa. Aikin ya koma hannun Whedon.

An faɗa wa jama'a cewa 'yan gyare-gyare ne suka rage. Abin da ya faru ya wuce haka nesa. An rubuta sababbin shafuka kusan tamanin, an kashe kimanin dala miliyan 25 wajen sake ɗauka, an canza mai kiɗan fim ɗin, an cire babban mugun labarin mai suna Darkseid, an kuma zaftare yawancin labarin Cyborg, baƙar fata ɗaya tilo cikin manyan jaruman. Shugaban kamfanin na lokacin, Kevin Tsujihara, ya ba da umarnin kada fim ɗin ya wuce awa biyu, ba a kuma ɗage ranar fitowarsa ba.

Sai ga matsalar gashin baki. Henry Cavill, mai fitowa a Superman, yana tsakiyar wani fim na kamfanin Paramount wanda ya tara gashin baki dominsa, kuma Paramount ya ƙi yarda ya aske. Dole aka ɗauke shi a haka, aka goge gashin da kwamfuta. Leɓensa ya fito a karkace tun a fitowar farko ta fim ɗin, ya zama abin nuni a duniya. Garin gyaran gira aka rasa ido.

*Justice League* ya fito a watan Nuwamban 2017. An ƙiyasta ya ci kusan dala miliyan 300, ya dawo da kimanin miliyan 660. Tun da gidajen sinima kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuma kuɗin talla, lissafin ya tashi a asara.

Masoya sun ɗaura ɗamara

Kwanaki kaɗan da fitowar fim ɗin aka fara tattara sa hannu a intanet, ana neman a saki ainihin aikin Snyder. Maudu'in #ReleaseTheSnyderCut ya zama taken tafiyar. Shi kansa Snyder ya riƙa sakin hotunan wuraren da aka cire a shafinsa na Vero, abin da ya ƙara rura wutar.

Tafiyar ta yi abin a yaba. Saboda rashin da daraktan ya yi, masoyan sun mayar da wani kaso na duk kuɗin da suka tara zuwa wata gidauniyar Amurka mai yaƙi da matsalar kashe kai, har gudummawarsu ta haura dala rabin miliyan.

Ranar 17 ga Nuwamban 2019, da fim ɗin ya cika shekara biyu, Ben Affleck da Gal Gadot, masu fitowa a Batman da Wonder Woman, suka wallafa maudu'in a Twitter. A watan Mayun 2020 aka sanar cewa za a saki fim ɗin. Ya fito ranar 18 ga Maris, 2021, tsawonsa awa huɗu da minti biyu, bayan an ƙara kashe kimanin dala miliyan 70 wajen kammala shi. Masu sharhi da dama, har da waɗanda ba su ɗasawa da salon Snyder, sun yarda ya fi na 2017 ma'ana da daidaito, musamman yadda labarin Cyborg ya dawo ya zama ƙashin bayan fim ɗin.

Sai dai ba tausayin masoya kaɗai ya motsa kamfanin ba. A daidai lokacin yana ƙaddamar da manhajarsa ta kallon fina-finai, HBO Max, yana neman abin da zai ja masu biyan kuɗin wata. Annobar korona kuma ta rufe sinimomi, ta tsayar da ɗaukar sababbin fina-finai. Buƙatar masoya ta zo daidai da buƙatar kasuwa.

Ɗaya fuskar nasarar

Cikin tafiyar akwai waɗanda suka wuce gona da iri. 'Yan jarida da masu sharhi da suka soki Snyder ko suka ce fim ɗin ba zai fito ba sun sha zagi da barazana. An bi wasu ma'aikatan kamfanin da cin mutunci har suka rufe shafukansu. A 2021 shugabar sashen fina-finan WarnerMedia, Ann Sarnoff, ta fito fili ta ce kamfanin ba zai lamunci irin wannan hali ba.

A 2022 mujallar *Rolling Stone* ta ruwaito cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi ya gano aƙalla kashi 13 cikin ɗari na shafukan da ke yayata maudu'in na bogi ne. Snyder ya musanta cewa shi ke juya tafiyar, masoyansa kuma suka ce ko an cire na bogin, mutanen gaske da suka rage sun isa su cika gari.

A gefe guda, Ray Fisher, wanda ya fito a Cyborg, ya zargi Whedon a 2020 da wulaƙanta ma'aikata a lokacin sake ɗaukar. Kamfanin ya yi bincike ya ce ya ɗauki mataki, Whedon kuma ya musanta zargin. Fisher bai sake fitowa a wani sabon fim na DC ba.

Ba Snyder kaɗai ba ne

David Ayer, daraktan *Suicide Squad* na 2016, ya daɗe yana cewa fim ɗin da aka nuna ba shi ne wanda ya yi ba. Bayan tallar fim ɗin mai kiɗa da raha ta burge jama'a, an sake tace shi domin ya yi kama da tallar, har aka sa kamfanin da ya haɗa tallar a cikin aikin. Ya yi ciniki, ya tara sama da dala miliyan 740, amma ya sha suka.

A 2015, ana gobe za a saki *Fantastic Four*, daraktansa Josh Trank ya rubuta a Twitter cewa shekara guda da ta wuce yana da kyakkyawan fim a hannu, wanda da wuya jama'a su gan shi. Ya goge rubutun, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Fim ɗin ya faɗi warwas.

Sam Raimi ya amsa cewa bai da sha'awar mugun nan Venom, furodusa ne ya matsa masa ya saka shi a *Spider-Man 3* na 2007 saboda masoya suna sonsa. A nan katsalandan ɗin kamfani da son faranta wa masoya suka haɗu wuri ɗaya, labarin ya cushe da miyagu uku.

Mafi ɗaci shi ne na *Batgirl*. A watan Agustan 2022, bayan an kashe kimanin dala miliyan 90 an kuma gama ɗauka, sababbin shugabannin Warner Bros. Discovery suka ce ba za a sake shi ba ko a ina, suka lissafa shi cikin asara domin samun sauƙin haraji. Daraktocinsa biyu, Adil El Arbi da Bilall Fallah, 'yan Beljiyam masu asali da Maroko, suna Maroko wajen bikin auren ɗayansu labarin ya same su.

Hujjar masu kuɗi

Kamfanonin ma suna da abin faɗa. Fim irin wannan kan ci dala miliyan 200 zuwa 300 kafin a fara talla. Ba tikiti kaɗai ake hange ba: akwai kayan wasan yara, riguna, wasannin kwamfuta da wuraren shaƙatawa, duk sun rataya a wuyan jarumi ɗaya. Darakta zai gama ya tafi wani aikin, jarumin kuwa dukiyar kamfani ce ta shekaru masu zuwa. Wanda ya zuba irin wannan jari ba zai naɗe hannu ya zuba ido ba.

Suna kuma kafa hujja da Marvel. A can furodusa Kevin Feige ne ke riƙe da linzami, kuma daraktoci da dama sun bar aiki saboda saɓanin ra'ayi, ciki har da Edgar Wright da ya bar *Ant-Man* a 2014 bayan kusan shekara takwas yana rainonsa. Duk da haka tsarin ya haifar da *Black Panther* a 2018 da *Avengers: Endgame* a 2019, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8.

Bambancin yana ga lokaci. Marvel a shekarunsa na tashe ya san inda ya dosa tun kafin a kunna kyamara, wanda bai yarda da hanyar ba yakan sauka tun a tasha. Warner kuwa ya yarda da hanyar Snyder, aka yi nisa, sannan tsoro ya kama shi ya juya kan mota a tsakiyar gada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjar masu kallo

Masoya na cewa su ne suka riƙe waɗannan jarumai shekara da shekaru lokacin da Hollywood ke yi musu kallon kayan yara, don haka sun fi kowa sanin abin da ya dace da su. Wani lokaci gaskiyarsu ce. A 2009 an fito da Deadpool, jarumin da aka sani da surutu, a fim ɗin *X-Men Origins: Wolverine* an ɗinke masa baki. Masoya suka yi tir. A 2014 wani ɗan gajeren gwaji na ainihin Deadpool ya ɓulla a intanet, jama'a suka yi ca a kansa, kamfanin Fox ya amince a yi fim ɗin. An kashe ƙasa da dala miliyan 60, ya dawo da kusan miliyan 780.

Wani lokacin kuma sukan yi kuskure babba. Sun yi wa Heath Ledger ca da aka zaɓe shi ya fito a Joker, abokin gabar Batman, sai ga shi ya ci kyautar Oscar da wannan rawa a 2009, bayan rasuwarsa. Akwai kuma boren da ba ruwansa da kishin labari. Michael B. Jordan ya sha kalaman wariyar launin fata saboda ya fito a jarumin da aka saba zanawa farar fata. A 2019 wasu sun yi wa *Captain Marvel* ruwan baƙin sharhi tun bai fito ba saboda haushin jarumarsa Brie Larson, har shafin Rotten Tomatoes ya hana yin tsokaci a kan fim kafin ranar fitowarsa.

Wa ke kwana a ciki?

Idan manya suka canza shawara a ƙurarren lokaci, ƙananan ma'aikata ke biya. Masu haɗa siddabarun kwamfuta sun daɗe suna kukan aikin dare da rana saboda gyare-gyaren da ake turo musu ana saura makonni a saki fim. Wannan na cikin abin da ya sa ma'aikatan wannan sashe na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a 2023.

'Yan wasa ma ba su tsira ba. A watan Oktoban 2022 Henry Cavill ya sanar da dawowarsa a matsayin Superman. Kafin shekarar ta ƙare, sababbin shugabannin DC, James Gunn da Peter Safran, suka shaida masa cewa sun sauya tsari. *Superman* na 2025 ya fito da sabon jarumi, David Corenswet.

Babbar asarar kuwa ta labari ce. Kamfanin da ke tsoron masu hannun jari a dama, yana tsoron maudu'in intanet a hagu, ba zai yi kasadar kawo sabon abu ba. Zai yi ta dawo da tsofaffin fuskoki domin a yi tafi a sinima. Matashin da ke karɓar waɗannan fina-finai a wayarsa a Kano ko Maraɗi yana iya jin cewa an fara maimaita masa abu ɗaya, ko da bai san abin da ya faru a ɗakin tacewa ba.

Kowa ya tsaya a matsayinsa

Abin da ya faru da *Justice League* ya tabbatar da cewa kamfani na iya lalata dukiyarsa da hannunsa. An biya kuɗin fim ɗaya sau biyu, kuma na biyun da ya fi kyau shi ne wanda aka ƙi tun farko. Haƙƙin mai kuɗi ne ya zaɓi labari da darakta, ya yi duk gardamar da zai yi kafin a fita ɗauka. Idan ya zaɓa, ya bar mai aiki ya yi aikinsa.

Shi ma mai kallo yana da haƙƙinsa: ya yaba, ya kushe, ya hana kuɗinsa. Amma son jarumin zane bai ba kowa lasisin cin mutuncin ɗan Adam mai rai ba, kuma hukuncin da aka yanke wa fim kafin a gan shi zalunci ne. Masoyan da suka tara wa gidauniya rabin miliyan sun nuna abin da haɗin kai ke iya yi. Waɗanda suka kori mutane daga shafukansu da zagi sun zubar da ƙimar wannan nasara.

Kai mai karatu, idan fim na gaba ya fito, na Hollywood ne ko na gida, ka kalla tukuna sannan ka yi magana. Idan za ka soka, ka soki aikin, ka bar mutuncin mai aikin.